Ayarin motoci a dajin Rurum: abin da ake yi idan mota ta tsaya

Abba: Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Daga birnin Kano muke zuwa muku, ni da yayata Ummi kamar yadda muka saba. Yau kuma mu uku ne, don mun ɗauko ƙanin mahaifinmu daga garejinsa. Baffa, barkanku da zuwa.

Baffa: Barka kadai, Abba. Allah ya yi muku albarka. Ummi, ya aikin asibiti?

Ummi: Alhamdu lillahi, Baffa. Jama'a, abin da ya sa muka matsa wa Baffa ya zo shi ne tafiyar da muka yi ƙarshen damina, wadda muka sa hotunanta a Facebook. Tun daga ranar tambayoyi suke shigowa. Wasu ina ne wurin, wasu a tafi da su nan gaba, amma mafi yawa abu ɗaya suke son ji: motar nan da aka ga tayarta ta kwanta, yaya aka ƙare da ita?

Abba: Za mu zo kanta. Bari in fara yi wa wanda bai gani ba bayani. Wasu abokai ne masu motocin shiga daji, irin su Hilux da Land Cruiser da Pajero da tsohuwar Land Rover, suke haɗuwa jifa-jifa su bar kwalta su bi burji da hanyoyin ƙauye. Bayan sallar asuba muka taru a Na'ibawa, muka ɗauki titin Zariya, muka haye gadar Tamburawa, muka karkata ta Bunkure zuwa Rano. Daga Rano muka nufi Rurum, gefen madatsar ruwan Tiga. Wanda bai taɓa zuwa wajen nan da damina ba, wallahi bai gama ganin ƙasar Kano ba. Duwatsu ga su nan jibga-jibga, dawa ta fi mutum tsawo, ga ruwan Tiga shimfiɗe iya ganinka.

Baffa: Madatsar nan zamanin Audu Bako aka gina ta, 1974 aka kammala. Duk noman ranin da kake gani a Kadawa da Kura daga ita ake shayar da shi.

Ummi: Baffa, akwai wanda ya rubuto yana tambaya ko tsere kuke yi, irin na Dakar.

Baffa: A'a, 'yata, ko kusa. Tseren Dakar wani abu ne daban. A Disambar 1978 aka fara shi daga Faris, ya ratsa Aljeriya ya biyo ta Agadas kafin ya kai Dakar, yanzu kuma tun 2020 a Saudiyya ake yinsa. Su can kowa gaba yake nema, kuma suna da jirage da manyan motocin kayan gyara suna bin su. Mu namu ayari ne, irin na fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro: akwai madugu, akwai jagaba da ya san hanya, kuma ba a barin zango sai kowa ya ɗaura kayansa. Motar gaba ba ta da ikon ɓace wa ta bayanta. Kowane direba, aikinsa ya riƙa ganin fitilar na bayansa a madubi. In ka daina ganinsa, ka tsaya. In kowa ya yi haka, mota ɗaya ta tsaya a baya, cikin minti biyu duk ayarin ya tsaya.

Abba: Kuma ku ne kullum a motar ƙarshe.

Baffa: Dole makanike ya zama a baya. Wanda ya lalace, ni zan tarar da shi. In ina gaba sai an aiko a kira ni, a wurin da ko sabis na waya babu. Shi ya sa muke riƙe oba-oba guda biyu, ɗaya wajen madugu, ɗaya wajena.

Ummi: To mu shiga tsayawar farko. Rafin nan mai yashi, kafin hantsi ya dubi ludayi.

Abba: Wannan a gaban idona aka yi. Ruwan ya janye, sai yashi fari mai laushi. Motoci uku suka wuce lafiya. Ta huɗu tana kaiwa tsakiya sai ta fara nishi, tayoyin baya suna watsa yashi. Mai motar ya ƙara taka totur. Yana takawa tana nutsewa, yana takawa tana nutsewa, kafin Baffa ya iso cikinta ya zauna daram a kan yashi, tayoyin suna juyawa a banza.

Baffa: Ka ga wannan shi ne abin da nake so masu sauraro su riƙe. Kafewa ba matsala ba ce, kowa yana kafewa. Abin da direba ya yi a minti biyar na farko shi ke sa a tashi cikin kwata ko a wuni a wurin. Da ya ɗaga ƙafa a lokacin da ya ji ta fara nishi, da baya kawai zai yi a kan sawunsa ya fita. Da na zo, ban taɓa shebur ba tukuna. Na durƙusa wajen tayar gaba. Tsofaffin motocin nan suna da wani marfi a tsakiyar tayar gaba, an rubuta Free da Lock a jiki. Nasa yana kan Free. Ya sa ogzilari a ciki, wato giyar da ke sa tayoyi huɗun su ja tare, fitila ta kama, yana ganin ƙafa huɗu ke ja, alhali furofelar gaba, ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba, tana juyawa ne kawai, ba ta kama tayoyin ba.

Ummi: Wato duk wahalar nan da ƙafa biyu yake tafiya.

Baffa: Da ƙafa biyu. Muka murɗa su biyun zuwa Lock. Sannan muka rage iska. A kan kwalta mai faci yakan sa maka geji 32 ko 35, wasu ma har 40 suke cikawa. A yashi sai ka sauko 18, in ya yi laushi sosai har 15. Tayar za ta baje, ta kwanta a kan yashin maimakon ta haƙa shi. Wannan a hanyar Agadas na koye shi, lokacin ina yaron mota. Direbobin can, kafin su shiga rairayi za ka ga kowa ya tsuguna gindin tayarsa da ɗan tsinke yana sace iska.

Abba: Amma akwai sharaɗi, ko Baffa?

Baffa: Akwai. Taya mai ƙarancin iska ba a yi mata kwana mai kaifi, ba a gudu da ita, don tana iya zamewa daga wili. Kuma kada ka hau kwalta sai ka mayar da iskar, in ba haka ba za ta yi zafi ta fashe. Don haka duk wanda zai rage iska, sai yana da geji da famfon da ake haɗawa da batir. Haka ogzilarin ma, a irin waɗannan motocin, da ka taka kwalta ka cire shi. Ƙafar gaba da ta baya a ɗaure suke, a kan ƙasa taya tana ɗan zamewa ta huce, a kan kwalta kuwa babu inda za ta zame, sai ƙarfin ya koma kan giya.

Ummi: Ni abin da ya tsaya mini a rai a wurin nan shi ne lokacin ja. Kafin ka ce kwabo yara sun cika gaɓar rafin. Daga ina suka fito ma ban sani ba, wasu da goyon ƙannensu. Suka zo suka yi layi dab da igiyar, don nan ne abin kallo yake. Na ga Baffa ya hana a ja sai da aka kore su can gindin wata tsamiya.

Baffa: Ummi, igiyar ja ita ce abu mafi haɗari a duk tafiyar nan, ta fi kwazazzabo, ta fi ruwa. In ta tsinke ko ƙarfen da aka ɗaura ta a jiki ya ɓalle, komawa take yi da ƙarfin da zai fasa gilashi ya shiga cikin mota. An sha rasa rayuka ta haka a ƙasashen da ake wannan harkar. Musamman ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota da ake maƙala tirela, kada kowa ya kuskura ya rataya igiya a kansa. Ba don fizga aka yi shi ba. Haka bamba, haka ƙarfen sitiyari. A jikin shasi ake ɗaurawa, a mazaunin da aka yi don haka. Sannan a jefa bargo ko darduma mai nauyi a tsakiyar igiyar, ko da ta tsinke ta faɗi ƙasa. Kowa ya ja baya fiye da tsawon igiyar. Kuma mutum ɗaya ne zai ba da umarni.

Abba: Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya a wurinmu. Kowa direba ne, kowa yana ihu, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu.

Baffa: Shi ya sa na ce duk a yi shiru, madugu kaɗai za a duba. Kuma ba mu ja ba sai da muka haƙe yashin da ke ƙarƙashin cikinta da gaban tayoyin, muka shimfiɗa rassa. Da aka zo ja, ko fizga ba a yi ba, a hankali ta taso.

Ummi: Sai na biyun, wanda ni shi ya fi tsorata ni.

Abba: Mashigin ruwan. Wannan bayan azahar ne, mun yi salla mun ci dambu da soyayyen kifin Tiga. Wani rafi ne da ke gangarawa cikin madatsar, ruwan jawur, ba a ganin ƙasa. Baffa ya ce in naɗe wando in shiga da sanda.

Baffa: Ruwan da mutum bai taka da ƙafa ba, mota ba ta shiga. In ruwan yana ture ka kana tsaye, to motar ma zai ture ta.

Abba: Na shiga. Ta dama iya gwiwa, ƙasan tsakuwa ce. Ta hagu kuwa akwai wani rami, sandar ta nutse har kusan ƙuguna. Muka kafa kara biyu a matsayin alama, aka ce kowa ya bi ta dama, giya ɗaya, kada a canza a tsakiya, kada a yi gudu. Duk aka wuce, sai wani bawan Allah da ya shigo da ƙarfi. Ruwan ya taso ya rufe bonet, motar ta zame ta hagu, hancinta ya faɗa ramin. Muka ji injin ya yi wani irin tari, ɗif, ya mutu.

Ummi: Ni ina tsallake ina kallo. Na ga hannunsa ya tafi wajen makulli. Ban taɓa jin Baffa ya ɗaga murya irin ta ranar ba.

Baffa: Ai dole, 'yata. Da ya yi mata ki sau ɗaya, da an gama. Bari in yi bayani yadda kowa zai gane. Inji iska yake shaƙa, fistin ya matse ta da mai, wuta ta tashi. Iska tana matsuwa. Ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. In ya shiga silinda, fistin ya taso da ƙarfi ya tarar da shi, babu inda za shi, sai sandar da ke tura fistin ɗin, konrod, ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa jikin injin. Daga nan sai sauke inji. Mai gas ma ya fi saurin lalacewa, don matsinsa ya fi na mai fetur yawa nesa ba kusa ba.

Abba: Sai aka jawo ta baya da igiya, a kashe.

Baffa: A kashe. Muka kai ta kan tudu, muka buɗe ƙofofi ruwa ya zube. Na fara buɗe tukunyar iyakilina. Na ɗago matatar, tana ɗiga, a ƙasan tukunyar ruwa kwance da 'yar laka. To an tabbata ta sha. Na kwance bututun iskar gaba ɗaya na zazzage shi. Allah ya taimake shi motar mai fetur ce, sai na cire fulogi duka, na jera su a kan tsumma yadda suka fito, na cire fis ɗin famfon mai da na wuta. Na fara juya injin da hannu, da sifana a kan fulin gaba, a hankali, ina saurare ko zai cije. Ya zagaya lafiya. Sannan na ce kowa ya kauce daga saitin ramukan, na ce a yi ki.

Ummi: Ruwan da ya yi tsiri daga ramuka biyu, har ya jiƙa cikin bonet.

Baffa: Aka yi ta yi har ya koma feshi, ya koma babu. Na zaro gejin bakin mai na duba a rana. In ruwa ya gauraya da shi za ka ga ya yi fari-fari, ko ya haura alama. Nasa ya ɗan haura, kuma da ɗigon ruwa a jiki. Ba mu yi ganganci ba, muna da galan na bakin mai, muka juye na ciki a jarka muka zuba sabo. Tsohon kuma da shi muka dawo gida, ba a zubar da shi a bakin ruwan da mutane da shanu suke sha. Matatar iskar muka shanya a kan dutse, da yake babu wata. Muka goge fulogi muka mayar. Ki na farko ta yi tari, na biyu ta kama, salansa yana fitar da farin tururi.

Abba: Kabbarar da aka yi a wurin, har masu kamun kifi sai da suka juyo.

Baffa: Amma na gaya masa, da ma duk wanda ya tsallaka ruwan, in an koma gida a duba man aksil da na giya. Aksil yana da ɗan ramin numfashi a sama. Ya yi zafi a tafiya, ka tsoma shi a ruwan sanyi, sai ya zuƙi ruwan ta nan. Ba za ka ji komai ba ranar, sai bayan wata biyu ka fara jin kuka a baya.

Ummi: Akwai kuma wadda ta yi zafi, amma wannan ba ta ɗau lokaci ba.

Baffa: Wannan ƙaiƙayin ciyawa ne ya toshe gaban lagireto, zafi ya yi yawa, tiyon sama ya tsage dab da kilif. Muka jira ya huce, don marfin lagireto ba a buɗe shi da zafi, ruwan zai yi tsalle ya sale maka fuska. Na yanke wurin da ya tsage, na tura ragowar na ɗaure, muka share ciyawar da buroshi, muka cika ruwa. Shi ke nan.

Ummi: Ƙunar lagireto kam muna ganinta a asibiti, yawanci fuska da ƙirji da hannun dama. In ta faru, ruwan sanyi mai tsabta za a yi ta kwararawa kamar minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da bakin mai. Kuma tunda ana maganar daji da kaka, duk wanda zai tura hannu ƙarƙashin dutse ko cikin ciyawa neman abin da zai tokare taya, ya fara bugawa da sanda. Lokacin macizai ne. In an yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana ƙafar motsi a nufi asibiti.

Abba: To yanzu mu zo kan wurin da aka samu saɓani. Yaya Ummi, ke da Baffa kuna gefe ɗaya, ni kuma har yanzu ina da ja.

Ummi: Faɗi naka tukuna.

Abba: La'asar ta yi, muna hanyar fita. Burtalin da muke bi ya zama taɓo, wajen tsawon filin ƙwallo. A gefe kuma ga gonar gyaɗa, busasshiya, shimfiɗaɗɗiya. Wasu suka ce a ɗan taka gefen gonar, kunya biyu ko uku kawai, in mai gonar ya zo a biya shi. Ni a ganina wannan ba zalunci ba ne tunda za a biya, kuma rana tana faɗuwa, ga mata da yara a cikin ayarin.

Ummi: Ni kuma na ce biyan da za a yi bayan an taka ba ciniki ba ne. Mutum ya yi huɗa, ya yi shuka, ya yi noman farko da maimai, ya sayi taki da tsadar nan, saura 'yan makonni ya cire gyaɗarsa, sai ya zo ya tarar da sawun motoci. Ko nawa ka ba shi, ka riga ka nuna masa cewa kai mai mota ba ka ga shi a bakin komai ba. Kuma ba kunya uku ba ce, Abba. Mota ta farko ta taka uku, ta biyu za ta kauce wa sawun ta farko ta taka wasu ukun.

Abba: Wannan gaskiya ne. Amma da dare ya same mu a wurin fa?

Baffa: Tsoronka yana kan hanya, ɗana, ban raina shi ba. Shi ya sa ban ce a tsaya gardama ba, na ce a nemo mai gonar. Da ɗan gari akan ci gari. Yaro ɗaya muka aika a guje, sai ga dattijon da kansa da fartanya a kafaɗa. Muka gaisa, muka gaya masa halin da muke ciki. Ya ce gyaɗar kam a yi haƙuri, amma mu koma baya kaɗan, akwai hanyar amalanke da ke zagaya bayan dutse, ƙasarta tsakuwa ce. Ya shiga motar gaba ya kai mu da kansa. Babu taswirar waya da ke da wannan hanyar.

Abba: Haka ne. Sai dai a kan wannan hanyar ce tayar ta kwanta.

Baffa: A kanta ne, amma ba ita ta jawo ba. Boljoyin ɗin ƙasa na tayar gaba ta dama ne ya fita, wato gaɓar ƙarfen da ke riƙe tayar a jikin mota. Da na duba, robarsa ta daɗe da yagewa, babu ko ɗigon giris, ƙasa ta cinye shi. Mai motar ya ce ba a daɗe da sa shi ba, a wani shago aka ba shi da araha. Irin wannan daga gari ake tahowa da shi, daji bayyana shi kawai yake yi. Kuma mu gode wa Allah da ya fita a nan muna tafiyar hawainiya. Da a titin Zariya ne ana gudu 100, da wani labarin ake yi.

Ummi: Ku gaya musu yadda aka so ku ɗaure shi da waya.

Baffa: An so. Wani ya ce a mayar da shi a ɗaure da waya da robar tiyub, a lallaɓa zuwa Rano. Ni ina ɗaure abubuwa da yawa da waya. Salansa in ya faɗo, ina ɗaurewa. Tankin mai in ya yi ɗan tsagu, sabulu nake murzawa a wurin ya kai mu gari. Kan batir in ya yi sako-sako, ina sa masa ɗan gwangwani ya cije. Amma abu uku ba na yi musu dabara: birki, sitiyari, da abin da ke riƙe taya. In dabarar ta ci amanarka a waɗannan, ba tsayawa motar za ta yi ba, kifewa za ta yi da mutane a ciki.

Abba: Janwe kuma ba zai iya shigowa wurin ba.

Baffa: Ko zai iya, ba a daren ba. Mai motar ya ce shi zai kwana a cikinta, mu mu tafi. Madugu ya ce sam, ba a barin mutum shi kaɗai a daji saboda ƙarfe. Dattijon nan mai gyaɗa ya kai mu wurin mai unguwa, muka yi bayani, ya sa samari biyu su kwana kusa da ita, muka yi musu ihsani. Muka ɗaga ta da jak a kan faffaɗan katako, don jak a kan ƙasa nutsewa yake yi, muka tura safaya taya ƙarƙashin shasi, na cire lalataccen na sa a aljihu. Muka kwashe kaya da mutanen cikinta muka raba a sauran motoci. Kafin a kira isha muna kan kwalta muna mayar da iska.

Ummi: Wannan maganar dare tana da muhimmanci, don wasu sun rubuto suna cewa me ya sa ba mu zarce dajin Falgore ba tunda mun kusa.

Baffa: Falgore daji ne babba, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma kowa ya san an sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa a cikinsa. Ba wurin da ayarin 'yan yawon buɗe ido zai kutsa ba ne don ganin dama. Duk inda za mu, sai mun tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a makon, mun gai da dagaci ko mai unguwa, mun sanar da jami'an tsaron yankin, kuma mun bar wa wani a gida hanyar da za mu bi da lokacin da ya kamata a ji mu.

Abba: Washegari kuma ni na raka ku Ƙofar Ruwa.

Baffa: Da tsohon a hannu, don a gwada a ga ya yi daidai. Kayan ƙafa ba a sayensu da baki. Muka sayi biyu, don in na dama ya mutu na hagu ma yana hanya. Mota biyu muka koma, ba ɗaya ba. Muka tarar da samarin nan sun share ƙarƙashinta sun shimfiɗa mana buhu. Kafin azahar ta sauka a kan ƙafarta. Na duba tiyon birki da shaf ɗin wajen, don lokacin da tayar ta kwanta ta ja su, na ga tiyon ya ɗan goge, shi ma na canza shi muka fitar da iska daga birkin. Da muka shigo gari aka kai ta wajen masu saita ƙafa.

Ummi: Akwai tambaya ɗaya da ta shigo daga wata baiwar Allah a Hotoro. Ta ce motarta ƙaramar jif ce mai ogzilari na kanta, irin wadda ba ta da 4L, wato giyar ƙarfi ta tafiya a hankali, ko za ta iya bin ku?

Baffa: Ya danganta da hanya. In burji ne da ɗan yashi da rani, za ta iya, in dai cikinta yana da tsawo kuma tayoyinta suna da rai. Irin hanyar da muka bi da damina kuwa, a'a, za ta wahalar da giyarta. Ta samu kujera a motar wani ta fara ganin yadda abin yake. In kuma za ta zo da tata nan gaba, ta kawo ta gareji kwana biyu kafin tafiya, ba daren tafiya ba, a ɗaga ta a girgiza kowace taya, a duba fambel da tiyo da kan batir. Ta zo da safaya mai iska, da jak da wilsifanar da aka gwada aka ga suna kama nata notin, da shebur, da jarkar ruwa. Mai kuma ta lissafa ninkin abin da take sha a kwalta, don yashi da taɓo suna shan mai, ga shi tun da aka cire tallafi a 2023 ba kowa ke da ragowar da zai ba wani ba.

Abba: Yaya Ummi, tafiya ta gaba fa?

Ummi: Sai an gama girbi hanyoyi sun bushe. Ana maganar wajen Ƙaraye, gefen madatsar Challawa, amma sai madugu ya je ya gano hanyar tukuna. Masu son zuwa su turo saƙo da irin motarsu. Baffa, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma.

Baffa: Amin, 'yata. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.

Abba: Amin. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.